EuroLeague: A wane mataki Dubai za ta ƙare kakarta ta farko a babbar gasar ƙwallon kwando ta Turai?

A unguwar Hor Al Anz da ke tsohon yankin Deira na birnin Dubai, dare ne lokacin hira. Sai rana ta faɗi, zafi ya ɗan lafa, ma'aikata sun taso daga shaguna da rumbunan ajiyar kaya, sannan wuraren shan shayi ke cika da 'yan Indiya da Pakistan da Filifins da kuma 'yan Afirka, ciki har da Hausawa 'yan kasuwa da ke sauka a Deira domin sarin kaya.

Hirar wasanni a nan ta saba karkata ne ga wasan kurket da gasar Firimiyar Ingila. A kakar 2025-26 an samu ƙarin abin muhawara, domin ranar 30 ga watan Satumban 2025 ƙungiyar Dubai Basketball ta karɓi baƙuncin Partizan ta birnin Belgrade a wasanta na farko a EuroLeague, gasar ƙwallon kwando mafi ƙarfi a duniya idan aka cire NBA ta Amurka.

Filin wasan, wato Coca-Cola Arena da ke City Walk, ba shi da wuyar zuwa daga unguwar. Mutum zai hau jirgin ƙasa na cikin gari a tashar Abu Hail ko ta Abu Baker Al Siddique, ya sauya layi a tashar Union, ya sauka a ta Burj Khalifa. Abin da ke da wuya shi ne amsa tambayar da ake yi a duk farkon kaka: wa zai hau saman teburi, wa zai rufe baya, kuma ina sabuwar baƙuwa za ta samu kanta?

Yadda aka tsara gasar

A kakar 2025-26 an faɗaɗa EuroLeague daga ƙungiyoyi 18 zuwa 20. Alba Berlin ta Jamus ta fice, yayin da Valencia ta Sifaniya da Hapoel Tel Aviv ta Isra'ila da kuma Dubai suka shigo. Hapoel ta samu gurbinta ne bayan lashe kofin EuroCup, ita kuwa Dubai an ba ta lasisin gayyata na shekara biyar.

Kowace ƙungiya za ta kara da sauran 19 gida da waje, jimilla wasa 38. Babu kunnen doki a ƙwallon kwando, idan an tashi daidai bayan minti 40 sai a ƙara lokaci har a samu gwani. Don haka da yawan nasara ake jera teburin, idan kuma ƙungiyoyi suka yi daidai sai a duba sakamakon karawar da suka yi a tsakaninsu.

Ƙungiyoyi shida na farko ne ke wucewa kai tsaye zuwa zagayen kwata fainal. Daga ta bakwai zuwa ta goma kuwa sai sun buga wasannin cike gurbi domin neman kujeru biyu da suka rage. A kwata fainal, wadda ta fara cin wasa uku cikin biyar ita ke zuwa Final Four, inda ƙungiyoyi huɗu ke haɗuwa a birni ɗaya a kammala komai cikin kwana uku. An tsara yin na kakar 2025-26 ne a Athens, babban birnin Girka, a watan Mayun 2026.

Wannan tsari ya sa teburin yake da layuka biyu da masu hasashe ke zura wa ido, layin ta shida da layin ta goma. Duk wadda ta faɗo ƙasa da ta goma, kakarta ta ƙare tun a watan Afrilu.

Da me ake auna ƙungiya kafin a fara wasa?

Masu sharhi da kamfanonin ƙididdiga kan fara ne da sakamakon bara. A kakar 2024-25, Olympiacos ta Girka ce ta ƙare a saman teburi da nasara 24 cikin wasa 34, yayin da Crvena zvezda ta Sabiya, wadda ta zo ta goma, ta ci wasa 18. Nasara shida kacal ce ta raba ta ɗaya da ta goma, abin da ke nuna cewa mako biyu na rashin sa'a sun isa su sauko da ƙungiya daga sahun gaba zuwa bakin ƙofa.

Idan aka ɗauki wancan ma'auni aka shimfiɗa shi a kan wasa 38, za a ga cewa mai neman shiga cikin goman farko a kakar 2025-26 na buƙatar nasara kusan 20. Wannan lissafi ne kawai, amma yana ba da hoton tudun da ke gaban kowace ƙungiya.

Ma'auni na biyu shi ne ɗorewar tawaga. Mutum biyar kaɗai ke cikin fili a lokaci guda, saboda haka fahimtar juna tana da nauyin da ya zarce na ƙwallon ƙafa. Ƙungiyar da ta riƙe kocinta da manyan 'yan wasanta kan fara kaka da ƙafar dama, wadda ta sauya rabin tawaga kuwa takan shafe watanni biyu ko uku tana neman bakin zare.

Na uku shi ne zurfin benci. Ƙungiyoyin EuroLeague ba su bar gasannin ƙasashensu ba, kuma akwai makonnin da ake buga wasan Turai biyu a tsakanin Talata da Juma'a, sannan a koma gasar gida a ƙarshen mako. Ƙungiyar da ta kai ƙarshe a kowane fage na iya buga wasa sama da 80 a kaka guda. A irin wannan yanayi, ɗan wasa na goma da na goma sha ɗaya a jerin tawaga su ne ke ceton ƙungiya a watan Janairu, lokacin da rauni da gajiya suka fara cin manya.

Na huɗu shi ne koci, na biyar kuma ƙarfin gida. Filayen Belgrade da Athens da Istanbul da Kaunas sun yi suna wajen cika maƙil da magoya bayan da ba sa zama daga farkon wasa har ƙarshe, kuma baƙi ƙalilan ne ke fita daga cikinsu da nasara.

Su wa ke sahun gaba?

Fenerbahce ta Turkiyya ce ta shiga kakar 2025-26 riƙe da kambu, bayan ta doke Monaco da ci 81-70 a wasan ƙarshe da aka buga a Abu Dhabi a watan Mayun 2025, karon farko da aka kai Final Four wata ƙasar Larabawa. Koci Sarunas Jasikevicius yana nan, sai dai gwarzon wancan Final Four ɗin, Nigel Hayes-Davis, ya koma Phoenix Suns ta NBA, Marko Guduric kuma ya tafi Milan. Cike gurbin mutum biyu irin waɗannan ba aikin kwana ɗaya ba ne.

Olympiacos ita ce mafi ɗorewa a cikin manyan. Koci Georgios Bartzokas ya daɗe da tawagarsa, kuma Sasha Vezenkov na cikin 'yan wasan da suka fi iya cin maki a nahiyar. Idan batun teburi ne kaɗai, babu wadda ta fi ta hujjar a sa ta a kan gaba.

Babbar abokiyar hamayyarta Panathinaikos, wadda ta lashe kofin a 2024, ta shiga kakar 2025-26 da Kendrick Nunn, gwarzon ɗan wasan kakar 2024-25, ta kuma ɗauko TJ Shorts daga Paris. Tunda a filinta aka tsara buga Final Four na 2026, matsin lambar da ya hau kan koci Ergin Ataman a farkon kakar ya ninka na kowa.

Real Madrid, mai kofi 11 da babu wadda ta kai ta, ta sauya koci, inda Sergio Scariolo ya karɓi aiki daga Chus Mateo. Har yanzu tana da Edy Tavares ɗan ƙasar Cape Verde, dogon da ya shafe shekaru yana hana abokan hamayya sakat a ƙarƙashin kwando. Monaco kuwa, wadda ta fara kakar 2025-26 ƙarƙashin koci Vassilis Spanoulis, ta ƙara Nikola Mirotic a kan Mike James.

A cikin sabbin shiga, Hapoel Tel Aviv ce ta fi jan hankali, saboda ta ɗauko Vasilije Micic daga NBA, mutumin da ya jagoranci Anadolu Efes ta lashe kofin a 2021 da 2022. Kocin da ta fara kakar da shi, Dimitris Itoudis, shi ma ya ɗaga kofin sau biyu da CSKA Moscow. Sai dai saboda yaƙin Gaza, ƙungiyoyin Isra'ila biyu sun fara kakar ne suna buga wasanninsu na gida a ƙasashen waje, kuma hakan ya rage musu ƙarfin da gida ke bayarwa.

Idan aka lissafa waɗannan, an riga an samu shida. Ga kuma Barcelona da Anadolu Efes da Milan da Zalgiris da Bayern Munich da Valencia, ga Partizan wadda ta fara kakar ƙarƙashin Zeljko Obradovic, kocin da ya lashe gasar sau tara, ga Crvena zvezda. A cikin wannan cunkoso ne Dubai ke neman wurin tsayawa.

Ƙarfin Dubai

An kafa ƙungiyar ne a 2023 ƙarƙashin shugabancin ɗan kasuwa Abdulla Al Naboodah, kuma ba ta bi hanyar gasar cikin gida ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ba. A 2024 aka karɓe ta a gasar ABA, wadda ta haɗa manyan ƙungiyoyin ƙasashen tsohuwar Yugoslabiya. A wasanta na farko ta doke Crvena zvezda a Coca-Cola Arena, ta kuma ƙare kakar a zagayen daf da ƙarshe, inda Partizan ta cire ta kafin ta je ta lashe kofin.

Koci Jurica Golemac ɗan ƙasar Slobeniya, wanda ya ja ragamar waccan kakar, shi ne ya shiga da ita EuroLeague. An riƙe masa Davis Bertans ɗan Latbiya, gwanin jifan maki uku da ya shafe kaka takwas a NBA, da Klemen Prepelic, da kuma Awudu Abass, ɗan wasan Italiya wanda mahaifinsa ɗan Ghana ne, mahaifiyarsa kuma 'yar Najeriya.

Sayen da ya fi ɗaukar hankali shi ne na Dzanan Musa ɗan Bosniya, wanda ya bar Real Madrid bayan ya lashe EuroLeague da ita a 2023. Sai Filip Petrusev da Aleksa Avramovic, waɗanda ke cikin tawagar Sabiya da ta ci tagulla a wasannin Olamfik na Paris a 2024. An kawo Sertac Sanli daga Fenerbahce, Mam Jaiteh daga Monaco, Justin Anderson daga Barcelona, McKinley Wright daga Buducnost, da Dwayne Bacon wanda ya taɓa yi wa Monaco wasa. Akwai kuma Mfiondu Kabengele, ɗan 'yar'uwar marigayi Dikembe Mutombo na Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo.

A takarda, wannan tawaga ce mai zurfi, musamman a ɓangaren dogaye, kuma da yawa daga cikin 'yan wasan sun san gasar ciki da bai. Ƙungiyar sabuwa ce, amma mutanen da ke cikinta ba baƙi ba ne a filayen Turai.

Rauninta

Matsala ta farko ita ce wadda aka ambata a sama: sabbin fuskoki sun yi yawa. Gasar ƙasashen Turai ta EuroBasket sai ranar 14 ga Satumba ta ƙare, inda Jamus ta doke Turkiyya a wasan ƙarshe, kuma wasu daga cikin 'yan wasan Dubai suna can suna yi wa ƙasashensu wasa. Musa kuwa bai buga gasar ba saboda tiyatar da aka yi masa. Lokacin da kocin ya samu na haɗa kowa a atisaye bai taka kara ya karya ba.

Ta biyu ita ce tafiya. Daga Dubai zuwa Istanbul, ɗaya daga cikin birane mafiya kusa a jadawalin, kimanin kilomita 3,000 ne. Zuwa Belgrade ya fi tafiyar Kano zuwa Jidda nisa, zuwa Madrid kuwa ya haura kilomita 5,500, wato sama da awa bakwai a jirgin sama. Dubai na da wasa 19 a waje a EuroLeague, ban da na gasar ABA da za ta ci gaba da bugawa. Ko da an haɗa mata wasanni biyu ko uku a tafiya guda, babu wata ƙungiya a gasar da za ta shafe awannin da za ta shafe a sararin samaniya, ga sauyin agogo na awa biyu ko uku da ke dagula barci.

Nisan nan takobi ne mai kaifi biyu, domin su ma baƙi sai sun sha irin wannan tafiya kafin su iso. Bambancin shi ne kowaccensu sau ɗaya za ta zo a kaka, ita kuwa Dubai tafiyar ce rayuwarta.

Ta uku ita ce magoya baya. Coca-Cola Arena, wanda aka buɗe a 2019, na ɗaukar mutum kimanin 17,000, amma ƙungiyar da aka kafa a 2023 ba ta da zuriyar magoya bayan da suka gaji soyayyarta daga iyaye. Birnin na cike da 'yan Sabiya da Girka da Turkiyya da Lebanon, kuma ba abin mamaki ba ne a wasu darare muryar baƙi ta rinjayi ta masu gida.

Kafin kakar 2025-26, shi kansa koci Golemac bai taɓa jan ragamar ƙungiya a irin wannan doguwar kaka ta EuroLeague mai wasa 38 ba, zai kuma riƙa fuskantar mutanen da suka tsufa a cikinta.

Me tarihi ya nuna?

Sabon shiga ba lallai ne ya zama ɗan rakiya ba. Monaco ta shigo gasar a kakar 2021-22, ta kai kwata fainal, inda sai a wasa na biyar Olympiacos ta iya cire ta. Paris Basketball, wadda aka kafa a 2018, ta shigo a kakar 2024-25 ana yi mata kallon 'yar baya ga dangi, amma ta ci wasa goma a jere a farkon kaka, ta doke Real Madrid a Madrid a wasan cike gurbi, kafin Fenerbahce ta tsayar da ita. Sai dai ƙungiyoyin biyu sun shigo ne da tawagar da ta riga ta lashe EuroCup, saɓanin Dubai da ta sake gini a bazarar 2025.

Tarihi ya kuma bar gargaɗi ga masu ɗaukar teburi a matsayin hukuncin ƙarshe. Tun da aka koma tsarin kowa ya kara da kowa a kakar 2016-17 har zuwa kakar 2024-25, babu ƙungiyar da ta ƙare a mataki na ɗaya sannan ta ɗauki kofin. Real Madrid da CSKA Moscow da Fenerbahce da Barcelona da Olympiacos duk sun ɗanɗana wannan ɗaci. Dalilin a fili yake: teburi na auna juriyar wata bakwai, Final Four kuwa na auna minti 40 na dare ɗaya. Hausawa na cewa ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Idan aka haɗa duk waɗannan ma'aunai, hasashen da ya fi kusa da hankali shi ne Olympiacos da Panathinaikos da Fenerbahce da Monaco da Real Madrid su mamaye sahun gaba, Hapoel da Efes da Barcelona na biye da su. Dubai kuwa wurinta na tsakanin ta takwas da ta goma sha uku, wato a tsakiyar fafutukar neman wasannin cike gurbi. Shiga shidan farko zai zama abin mamaki, faɗawa ukun ƙarshe kuma zai zama abin kunya ga tawagar da aka kashe wa irin wannan dukiya. Abin da zai raba gardama shi ne ko za ta iya cin akasarin wasanninta 19 na gida, ta kuma tsinto shida ko bakwai a waje.

Abin da ke cikin lamarin

Maganar ta wuce ta teburi. A watan Maris na 2025, NBA da hukumar ƙwallon kwando ta duniya FIBA sun sanar da cewa suna nazarin kafa sabuwar gasa a Turai, matakin da ke iya janye manyan ƙungiyoyi daga EuroLeague. Kai Final Four Abu Dhabi da karɓar Dubai na cikin hanyoyin da gasar ke bi domin samun sabbin kasuwanni da kuɗin shiga. Idan Dubai ta yi rawar gani kuma filinta ya riƙa cika, masu wannan ra'ayi sun samu hujja. Idan ta gaza, muryar masu cewa an sayar da al'adar gasar saboda kuɗin ƙasashen Gulf za ta ƙara ƙarfi.

Ita ma NBA ba ta bar fagen ba. Tun 2022 take kai wasannin share fage Abu Dhabi, kuma a farkon watan Oktoban 2025 New York Knicks da Philadelphia 76ers ne suka kara a can. A cikin gida kuwa, Shabab Al Ahli, wadda hedikwatarta ba ta da nisa da Hor Al Anz, ta kai wasan ƙarshe na gasar zakarun ƙungiyoyin Asiya a 2024, inda Al Riyadi ta Beirut ta doke ta.

Ga masu kallo daga Najeriya da Nijar akwai fuskokin da suka sani. Crvena zvezda ta ɗauki Chima Moneke, haifaffen Abuja, da Jordan Nwora wanda ya lashe kofin NBA da Milwaukee Bucks a 2021, dukansu 'yan wasan D'Tigers. Tunda ƙungiyar tasu na cikin EuroLeague, jadawalin kakar 2025-26 ya haɗa su da Dubai. Wasan ba baƙo ba ne a arewacin Najeriya: a Zariya Masai Ujiri ya tashi kafin ya jagoranci gina tawagar Toronto Raptors da ta lashe NBA a 2019, kuma Kano Pillars ta sha zama zakarar ƙwallon kwando ta ƙasa.

Agogon Dubai na gaba da na Kano da Yamai da awa uku. Wasan da aka fara ƙarfe takwas na dare a Coca-Cola Arena zai zo ne da ƙarfe biyar na yamma a Najeriya da Nijar. Idan sanyi ya shigo kuwa, wasan da aka fara takwas da rabi a Madrid ko Milan zai zo daidai da agogon Kano, amma a Hor Al Anz sai sha ɗaya da rabi na dare, lokacin da mai fita aiki da asuba ya kamata ya kwanta.

Gwajin farko dai Partizan ce, ƙungiyar da ta kawo ƙarshen kakar Dubai ta 2024-25. Wasa ɗaya cikin 38 ba zai tabbatar da hasashen kowa ba, amma daga ƙarshen watan Nuwamba, bayan an wuce makonnin wasa bibbiyu na farko da doguwar tafiyar yammacin Turai, teburin zai fara nuna ko Dubai na cikin masu neman gurbi ko kuwa tana cikin masu koyon darasi.